Dala 1,800 ya cinye mana da sunan kai mu magangarar ruwan Materuni, ku yi hattara

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowarmu daga Tanzaniya, kuma har yanzu in na kwanta muryar mutumin nan da ya damfare mu da sunan ɗan jagora ce ke yawo a kaina. Na so in yi shiru saboda kunya. To amma shafinsa na Instagram yana nan, suna kawai ya canza, hotunan su ne dai, jiya ma na ga wata baiwar Allah tana tambayarsa farashi. Shi ya sa na ce gara a yi mini dariya.

Dala 1,800. Mu huɗu ne, kowa dala 450. Da kuɗina ne ni kaɗai da na haɗiye abina. Akwai na yayana, akwai na abokina, akwai kuma na wani abokin aikinsa da ban taɓa gani ba sai ranar tafiya, wanda ya tura mini dala 450 don kawai an ce masa ni mutum ne mai lura. Mai lura! Ni na nemo mutumin, ni na tara kuɗin, ni na tura da hannuna.

Kafin wani ya fara cewa kwaɗayin araha ne ya ja ni, a tsaya. Ba shi ne mafi araha ba. Mutum uku na tambaya, nasa ne a tsakiya, kuma da gangan na ƙi ɗaukar na ƙasa don kada a ce na bi banza. Na karanta abin da mutane suka rubuta a kansa. Na nemi lasisi, ya turo hoton takarda da hatimi. Na nemi kiran bidiyo, ya ɗauka, ga fuskarsa, ga gonar ayaba a bayansa. Me kuma ake so mutum ya yi?

Abin da ya kama ni shi ne maganar Afrilu. Mu da farko a watan Afrilu muka so zuwa, na faɗa masa haka a Fabrairu, kuɗin kafin alƙalami yana hannuna. Sai ya turo saƙon murya, minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, ya yi sallama cikakkiya, ya ce ɗan'uwa kada ku zo a Afrilu. Ya ce daga Maris zuwa Mayu lokacin babbar damina ne a gindin Kilimanjaro, hanyar Materuni taɓo ce zalla, santsi, ga gajimare ya rufe dutsen sai mutum ya yi mako bai ga ƙololuwarsa ba. Ya ce ku bari sai Yuli, lokacin an ɗauke ruwa, shi ba zai karɓi kuɗinmu ya kai mu mu sha wahala ba. Na je na bincika, wallahi gaskiya ya faɗa, ko harafi ɗaya babu ƙarya. Na tura wa Yaya saƙon na ce, “Yaya, saurari wannan. Ɗan damfara ne zai ce ka riƙe kuɗinka sai bayan wata uku?” Haka na faɗa da bakina. Saƙon yana nan a wayata, na saurare shi ya fi sau talatin tun da muka dawo, ina neman inda muryarsa ta yi rawa ko sau ɗaya. Babu.

Dala 600 na fara turawa, kafin alƙalami. Sai 900 a watan Mayu, wai na otal na kwana biyar a Moshi, garin da ke gindin dutsen, da mota. A'a, bari in gyara, kiran bidiyon ma tsakanin waɗannan biyun aka yi shi, ba kafin na farko ba, don na tuna sai da ya nemi 900 ɗin ne gabana ya ɗan faɗi na ce ina son ganin fuskarsa. Wato 600 ɗin farko saƙon murya kawai ya karɓe ta. Sai ta ƙarshe, dala 300, saura kwana tara mu tashi, wai kuɗin izinin shiga gandun Kilimanjaro, hukuma ta ce a biya kafin a zo. 600 da 900 da 300. Ku haɗa.

Wannan 300 ɗin ita ta fi ƙona mini rai. Sai da muka isa na san Materuni ƙauye ne na mutanen Chagga a gefen gandun, ba a cikinsa ba, kuma abin da ake biya don zuwa ruwan kuɗin ƙauye ne, a wurin ake bayarwa. Kuɗin hukumar TANAPA, mai kula da gandayen dajin ƙasar, na wanda zai shiga gandun ne, irin masu hawa ta ƙofar Marangu suna neman ƙololuwar Uhuru mai tsayin mita 5,895. Mu ba hawan dutsen muka je yi ba. Ruwa muka je gani: Materuni, da Ndoro da ke Marangu, da tafkin Kikuletwa, shi ke nan. Izinin da babu shi na saya dala 300, har ya turo mini rasit, har na gode masa.

Na san za a tambaya: sunan da ke kan asusun da na tura kuɗin ba sunansa ba ne. E, na lura. Na tambaye shi. Ya ce na mai kula da kuɗin ofis ne, shi kullum yana kan dutse da baƙi. Mutumin da ya hana ni zuwa a damina, a ce in tsaya ina tuhumarsa a kan sunan asusu?

Daren da muka sauka filin jirgin sama na Kilimanjaro, bayan mun kwana rabin dare a Addis Ababa muna jiran canjin jirgi, na fito gaba ina jan jaka kamar wani madugu. Direbobi sun yi layi a bakin ƙofa, kowa da kwali ɗauke da sunan baƙonsa. Na bi kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya, na dawo na sake bi. Da safiyar ranar ma sai da ya rubuto mini “karibu”, wato barka da zuwa, ya ce direba zai zo da farar mota. Na tura saƙo, alama ɗaya ta tsaya. Na kira, a kashe. Muka zauna kan jakunkunanmu, sanyi yana ratsa mu, mutane suna raguwa har ya zama daga mu sai masu shara. Wajen awa uku. Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Kallona kawai ya yi ya ce, “To malam, ina mutumin naka mai gaskiya?” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani dattijo mai tasi ne ya kai mu Moshi, tafiyar kusan kilomita 40, ba wanda ya ce uffan a motar. Otal ɗin da ya rubuta mana na gaske ne, yana nan da sunansa da komai, su ba ruwansu. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta ɗauki wayata ta ƙara girman rasit ɗin da yatsu biyu, ta duba littafinta, ta duba kwamfuta, ta kira wani. Tambarin nasu ne, an kwafo shi daga intanet, amma lambar wayar da ke ƙasa ba tasu ba ce, kuma ba wanda ya kama ɗaki da sunana. Ta miƙo mini wayar ta ce “pole sana”. Sannu ke nan a harshensu. Ranar na ji “pole” ta fi sau goma, kowace kamar mari.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin in tura 900 ɗin abokina ya ce mu bar rabin kuɗin sai mun isa. Ni na hana. Na ce kada mu nuna wa bawan Allah rashin yarda bayan duk kirkin da ya yi mana. Wannan ma yana cikin hirar rukuninmu, ban goge ba.

Mun je Materuni daga baya, don Yaya ya ce tunda an riga an zo ba za a koma haka ba. Otal ɗin suka haɗa mu da wani yaro ɗan ƙauyen, kuma duk abin da muka biya mu huɗu, har da mota, bai kai waccan 300 ɗin ta izinin ƙarya ba. Daga ƙauyen aka taka ƙasa da awa ɗaya, siririyar hanya tsakanin gonakin ayaba da na kofi, ga ƙananan magudanan ruwa suna bin gefen hanya, yaron yana ta ce mana “pole pole”, a hankali. Tun kafin ka ga ruwan za ka ji rugugi, sai feshi ya fara jiƙa maka riga daga nesa. Ruwan yana zubowa daga saman baƙin dutse zuwa wani tafki mai sanyin ƙanƙara. Su uku suka shiga suna ihu. Ni ina zaune kan dutse da takalmin hawa sabo fil da na saya don tafiyar nan, ina lissafin yadda zan biya mutum uku dala 450 kowanne.

A nan ne ma na nuna wa yaron shafin. Ya daɗe yana kallo, ya ce hotunan ai na wani ɗan jagora ne da ya sani, sace su aka yi, shi wancan bai ma san ana cin kasuwa da su ba. Fuskar da na gani a bidiyo kuwa bai taɓa ganinta ba.

Mun kai rahoto wurin 'yan sanda a Moshi, takardar tana hannuna. Zan sa hotonta, da hotunan hirarmu tun daga Fabrairu, da rasit uku, da lasisin bogin, da saƙon muryar nan, da zarar na rufe sunayen 'yan'uwana da ke ciki. Sunan da ya ba ni ba zan rubuta ba, don na tabbata na wani bawan Allah ne ya ara.

Kada ku biya duka kafin ku sauka. Ku kira otal da lambar da kuka nemo da kanku. In sunan asusu ya bambanta da na mai magana, ku tsaya nan.

Yaya ya ce ya yafe nasa, ni ban karɓa ba, zan biya shi. Abokin aikin abokina na riga na tura masa dala 200, saura 250, ya amsa da “ba komai” kawai, ban san me yake faɗa a ofis ba. Shi kuwa mai saƙon murya, da ya yi mini sallama ya kira ni ɗan'uwa, dala 1,800 ce, 600 da 900 da 300, ban yafe ko sisi ba, Allah ya isa tsakanina da shi.