Star Trek: The Next Generation a faifan Blu-ray: gyaran da ya koma kan nigatif

Duk mai riƙe da tsofaffin faifan DVD na Star Trek: The Next Generation, fim ɗin talabijin na Amurka mai dogon zango kan tafiye-tafiye a sararin samaniya, waɗanda suka fito a 2002, yana kuma tunanin ko ya dace ya sake zuba kuɗi a kan na Blu-ray, shawarata ita ce ya zuba. Ina da duka biyun, na kuma jera su ina sauyawa daga wannan zuwa wancan a talabijin ɗaya, kashi ɗaya, fitowa ɗaya. Ba sai mutum ya ƙura ido ba kafin ya ga bambanci. A DVD jan kayan Kyaftin Picard yakan zubo ya haye kan baƙin kafaɗarsa, fuskoki su yi dishi-dishi, duhun sararin samaniya ya koma toka-toka. A Blu-ray ja ya tsaya inda tela ya tsayar da shi, baƙi kuma baƙi ne ƙirin.

Dalilin wannan tazara yana cikin yadda aka shirya fim ɗin tun farko. An haska shi daga 1987 zuwa 1994, zango 7, kashi 178. Ɗaukar hoto duk a kan fim mai faɗin milimita 35 aka yi ta, irin wanda ake ɗaukar finafinan sinima da shi. To amma don rage kashe kuɗi da saurin kammala aiki, da an gama ɗauka sai a juye hoton zuwa kaset ɗin bidiyo, a can ake tacewa, a can ake haɗa siddabaru, a can ake ɗora rubutu. Ke nan kammalallen kashi bai taɓa zama a kan fim ba, a kaset kaɗai yake, a ma'aunin talabijin ɗin Amurka na lokacin mai layi 480. Wannan kaset ɗin aka kwashe aka zuba a DVD. Ba laifin faifan ba ne, iyakar abin da ya samu ke nan.

Da kamfanin CBS ya tashi fitar da Blu-ray, hanya mai sauƙi ita ce a hura hoton kaset ɗin ya cika allo, a goge shi da kwamfuta, a buga masa tambarin HD. Ba su bi ta nan ba. Sun koma ma'ajiya suka zaƙulo ainihin nigatif ɗin, wato zaren fim ɗin da kyamara ta ɗauka, naɗi sama da 25,000 a faɗarsu, suka yi sikanin, sannan suka zauna suna sake tace kowane kashi daga tushe, suna bin tsohon kaset a matsayin jagora, yanka da yanka, daƙiƙa da daƙiƙa. An fara da faifan ɗanɗano mai kashi uku a Janairun 2012, zangon farko ya biyo baya a Yulin shekarar, na bakwai ya fito a Disambar 2014. Idan aka zo lissafi, hoton DVD ɗigo 720 ne a kwance, 480 a tsaye. Na Blu-ray 1440 ne da 1080. Ninki huɗu da rabi ke nan, kuma ɗigon gaske ne da aka ciro daga fim, ba wanda na'ura ta ƙago ba.

Inda aikin ya fi burge ni shi ne Enterprise kansa, kumbon da jaruman ke tafiya a cikinsa. Mutane da yawa sun ɗauka zanen kwamfuta ne. Ƙirar hannu ce, ƙaramin samfuri mai tsawon ƙafa shida, da fitilu a cikinsa. Kyamara ce ke zagaya shi a kan dogo, kwamfuta na sarrafa tafiyarta don ta maimaita hanya ɗaya sak sau da yawa: a wuce sau ɗaya a ɗauki jikin kumbon, a sake wucewa a ɗauki hasken tagogi kawai, a sake don shuɗin hasken injina, a sake don inuwar da za a yanke shi da ita daga bango. Kowace wucewa da nata zaren fim. A 1987 a kan bidiyo aka ɗora su bisa juna, duk ƙananan abubuwa suka narke. Masu gyara sun nemo zaren nan ɗaya bayan ɗaya suka sake ɗorawa. Ku tsayar da hoton a ƙarshen waƙar buɗewa, lokacin da kumbon ke wucewa kafin ya cilla. A DVD tagogin fararen ɗigo ne da suka cakuɗe. A Blu-ray ana iya ƙirga su, ana ganin layin fenti a jikin farantin, har ma da 'yan mutane ƙanana suna motsi a bayan tagar zauren taro. Sun daɗe a wurin, kaset ne ya haɗiye su.

Wannan tsabtar ta tono wani abu da a da ba ya damun kowa. A zango na uku an ƙera sabon samfuri mai ƙafa huɗu saboda ya fi sauƙin ɗauka, jikinsa kuma ya fi kaushi, da faci-faci masu tudu. Yanzu a kashi ɗaya sai ka ga kumbon sumul a wannan fitowa, ka gan shi da kaushi a ta gaba. Ni na ƙafa shidan ya fi kwanta min, amma na ji daɗi da ba su ɓoye ko ɗaya ba.

Ba komai ne aka samu a kan fim ba. Hasken bindigoginsu da walƙiyar na'urar da ke ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri, yawancinsu a bidiyo aka zana su, don haka dole aka sake su. Haka duniyoyin da kumbon ke kewayawa, da halittar nan mai kama da ƙanƙara ta kashin "Datalore". A nan ne hannun mai gyara kan yi ƙaiƙayi ya so ya nuna bajinta, kuma a nan ne na fi sa musu ido. Sun kame. Launi da girma da inda abu ya tsaya a allo duk sun bi na asali. Mike Okuda da Denise Okuda, waɗanda suka daɗe suna aikin zane a Star Trek, suna cikin masu duba aikin, kuma da alama an saurare su.

Akwai masu ƙorafin cewa hoton bai cika faffaɗan allon zamani ba, ya bar baƙin shafi dama da hagu. Gaskiya ne, a tsohon tsari na 4:3 aka bar shi, kuma daidai aka yi. Mai ɗaukar hoto na wancan lokaci murabba'in talabijin yake kallo. Abin da ke gefe ba ruwansa, shi ya sa a wurare da dama akwai ƙafar fitila, ko ƙarshen bangon da aka kafa, ko wani ma'aikaci a tsaye. Cikin ƙarin shirye-shiryen zangon farko sun nuna misalan haka ƙarara. Ɗaya hanyar ita ce a yanke sama da ƙasa, a aske kawunan mutane. Wanda bai gamsu ba ya nemi DVD ɗin Babylon 5, wani fim ɗin talabijin na sararin samaniya. An ɗauki jaruman da niyyar faffaɗan allo, amma siddabarun kwamfutar an yi shi a 4:3 mai ƙaramin ma'auni, sai aka yanke shi aka hura don ya cika allo. Duk inda mutum ya haɗu da siddabaru a fitowa ɗaya, hoton sai ya dagule nan take. Da aka gyara shi a 2021, aka kuma fitar da Blu-ray a ƙarshen 2023, komawa 4:3 aka yi.

Sai aibobinsa, don yana da su.

Zango na biyu shi ne rauninsa. Saboda a yi sauri, an miƙa shi ga wani kamfani daban, kuma hannun ya bambanta. Fitowar jarumai lafiya lau take, amma da an fita waje sararin samaniya sai ka ga an goge ɓarɓashin fim, wato 'yan ɗige-ɗigen da ke jikin hotonsa, fiye da kima, kumbon ya yi santsi kamar roba, wasu duniyoyin kuma sun fi na zangon farko dishi-dishi. Har yanzu ya fi DVD nesa ba kusa ba, sai dai wanda ya taho daga zangon farko zai ji an sauka mataki ɗaya. Abin da ya fanshi zangon a wurina shi ne doguwar sigar "The Measure of a Man", kashin da ake shari'a kan ko Data, mutum-mutumin da ke aiki a kumbon, mutum ne ko kayan aiki. Marubuciyarsa, Melinda Snodgrass, ta adana kaset ɗin VHS na sigar farko kafin a rage ta, da shi aka yi jagora aka nemo fim ɗin aka mayar da kusan minti 13. Wasu wuraren da aka mayar sun ƙara wa gardamar nauyi, wasu kuwa da ganinsu ka san abin da ya sa aka cire su. Duka sigogin biyu suna kan faifan.

Akwai kuma 'yan wuraren da nigatif ya ɓace, aka cike gurbin da tsohon kaset. A faifan ɗanɗano daƙiƙa 13 ne na "Sins of the Father", daga baya aka gano su kafin fitar zango na uku. Wasu ba a gano ba har yau. Idan ka iso irin wurin, hoton kan dushe na ɗan lokaci sannan ya dawo garau. Ba ya ɓata kallo, hasali ma yana tuna wa mutum daga inda aka taso.

Wani aibin kuma na tsabtar ce da kanta. A ɗakin tuƙi, a bangon baya, ma'aikata kan manna baƙin kwali a kan gilasan na'urori don kada hasken fitila ya dawo cikin kyamara. A kaset ba su cika fitowa fili ba. Yanzu ga su nan ɓaro-ɓaro, musamman a zangunan farko. Ana ganin inda hodar fuskar Brent Spiner, mai fitowa a matsayin Data, ta ƙare a wuya, da bakin robar goshin Worf, da ɗinkin kafet. Da sun ga dama da sun shafe yawancinsu da kwamfuta. Na fi son yadda aka bar su, domin ranar da aka fara shafe kwali, gobe wani zai ce a gyara fuskar jarumi.

Sauti an sake baza shi zuwa 7.1, tsarin lasifikoki masu kewaye ɗaki, kuma rurin injin da ke ƙarƙashin kowace fitowa yana cika ɗaki idan akwai lasifikoki masu kyau. Sitiriyon asali ma yana nan ga mai so. Bugun farko na zangon farko ya fito da matsalar sauti a wasu faifai, kamfanin ya sanar ya kuma musanya su, don haka mai sayen na hannu ya tambaya ko gyararren bugu ne. Cikakken akwatin mai faifai 41 ya fito bayan gyaran.

In an kwatanta da Star Trek na asali, na 1966 zuwa 1969 mai kashi 79, sai a ga dabara biyu mabambanta. Shi wancan a kan fim aka kammala shi, don haka tsabtace jarumai bai yi wuya ba, kuma launukansa a Blu-ray na 2009 sun fito rangaɗau. Amma siddabarunsa, tun gyaran 2006, zubar da shi aka yi aka zana sabo da kwamfuta. A lokacin ya burge. Yau kumbon kwamfutar ya tsufa fiye da samfurin katako da robar da ya maye gurbinsa: ba shi da nauyi, kuma ba ya zama da jaruman da ke cikinsa. Abin da ya cece shi shi ne faifan ya ba ka zaɓi tsakanin tsohon siddabaru da sabo. Ni tsohon nake kunnawa, da ƙurarsa da rawar hotonsa. The Next Generation bai ba da irin wannan zaɓi ba, kuma ban ji rashinsa sosai ba, tunda abin da ke allon yawanci shi ne dai abin da kyamara ta ɗauka. Duk da haka ban rabu da DVD ɗina ba, don a can kaɗai duniyoyin asali suka rage min.

Masu The Next Generation sun yi sa'a da aka adana musu nigatif. Doctor Who na BBC, wanda ya fara a 1963, yawancinsa a bidiyo aka ɗauka, aka kuma goge kaset ɗin don a sake amfani da su, har yau sama da kashi 90 babu su. Tara daga cikin waɗanda aka dawo da su a 2013, a ma'ajiyar wata tashar talabijin a Jos aka tsinto su. Masu gyaran can da kwafin kwafi suke fama, har sukan ciro launi daga ɗigon da ya maƙale a fim mai baƙi da fari. Aikinsu abin yabo ne, amma ba za su taɓa kai wa irin wannan tsabta ba, don babu inda za su ciro ta.

Abin takaicin shi ne aikin bai haifi na gaba ba. Faifan sun fito daidai lokacin da mutane ke komawa kallo ta intanet, kuma wasu da suka yi aiki a kansu sun faɗa a fili cewa cinikin bai kai yadda aka sa rai ba. Deep Space Nine da Voyager, finafinan Star Trek da suka biyo bayansa, har yanzu a DVD suke. Nasu ya ma fi wuya, domin a zangunansu na baya siddabarun ya koma na kwamfuta zalla a ƙaramin ma'auni, babu zaren fim da za a nemo, sai dai a sake zanawa. Wasu masoya na hura su da ƙirƙirarriyar basira suna sakawa a intanet. Na kalli irinsu: daga nesa da kyau, daga kusa fata ta zama kakin zuma, rubutun jikin na'urori kuma ya koma haruffan da babu su a kowane harshe.

Wanda ya saba kallon gyararriyar sigar ta intanet zai ga kusan hoto ɗaya ne, sai dai matse shi da ake yi yana cin ɓarɓashin fim, kuma wurare masu duhu sukan farfashe. A wannan fim kuwa duhu ba kaɗan ba ne. Mai son gwadawa kafin ya sayi akwatin duka ya fara da zango na uku, inda Marvin Rush ya karɓi ɗaukar hoto, haske ya ƙara zurfi, aka kuma sauya wa jarumai kaya daga roba mai ɗamewa zuwa ulu da ake ganin saƙarsa. Ya kunna "The Best of Both Worlds", ya tsayar da hoton a kan kumbon abokan gaba, Borg, mai siffar akwati, ya kwatanta da na DVD. Kuma ya kashe saitin nan na talabijin mai sa motsi ya yi santsi, da mai rage ɓarɓashi, in ba haka ba na'urarsa za ta goge abin da ya biya kuɗi ya gani.