Littafi, manhaja ko darasi: me za ka saya kafin jarrabawar neman aiki?

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa bara, tun daga lokacin yake ta cike fom. A watan jiya ya shigo da wani ɗan littafi mai koren bango da ya saya wurin masu baza littattafai kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, ya ce, "Kawu, duba mini wannan, amsar da suka bayar ta ƙi shiga kaina." Tambayar ta ce duk masu sayar da waya a wani layi suna da POS, wani mutum kuma yana da POS, shin mutumin mai sayar da waya ne? Littafin ya ce e. Yaron ya ce ba a sani ba, kuma shi ke da gaskiya, don mai shayi ma yana da POS, haka mai tsire. Kama da wane ba ta wane. Da a ce ya yarda da littafin, da ya biya kuɗinsa an koya masa kuskure.

Irin waɗannan tambayoyi na auna tunani su ne bankuna da kamfanoni da wasu hukumomin gwamnati ke tankaɗe masu neman aiki da su, yawanci a kwamfuta, agogo na gudu. Kamfanoni irin su Dragnet a nan gida da SHL na Ingila su ke shirya wa masu ɗaukar ma'aikata. A salon SHL ana ba ka ɗan rubutu da wata magana a ƙarƙashinsa, ka zaɓi ɗaya cikin 3: gaskiya, ƙarya, ko ba za a iya cewa ba. Gwajin Watson-Glaser kuwa a wani ɓangarensa zaɓi 5 yake bayarwa, har da "mai yiwuwa gaskiya" da "bayani bai isa ba". A wannan zaɓi na rashin isar bayani mutane suka fi zubewa, domin mun saba cike giɓi da abin da muka sani a rayuwa, alhali jarrabawar abin da ke rubuce kaɗai take tambaya. Saboda haka ko me za ka saya, ka auna shi da abu guda: yana nuna maka dalilin da ya sa amsar da ba daidai ba ta zama ba daidai ba?

Littafin tambayoyin baya shi ne mafi araha, ba ya cin data, ba ruwansa da ɗauke wuta. Amma kafin ka miƙa kuɗi, ka fara buɗe shi daga baya. In ka ga jerin A, C, B, D kawai babu bayani, ajiye musu abinsu. In da bayani, tsaya nan a gaban mai kaya ka gwada shi a wurare biyu.

Na farko shi ne kalmar "wasu". A maganarmu ta kullum, in ka ce wasu ɗalibai sun ci jarrabawa, kowa zai ɗauka wasu sun faɗi. A ƙa'idar waɗannan tambayoyi kuwa "wasu" na nufin aƙalla ɗaya, kuma yana iya zama duka ne. Haka in aka ce wasu malamai 'yan kasuwa ne, wasu 'yan kasuwa kuma suna da mota, ba ka da hurumin cewa wasu malamai suna da mota, don ƙila 'yan kasuwar da ke da motar ba su ne malaman ba. Littafi na ƙwarai zai zana maka wannan da da'irori masu shiga juna, irin waɗanda John Venn ya gabatar a 1880, ka gani da idonka. Na biyu shi ne "idan". Idan aka yi ruwan sama hanya za ta jiƙe; hanya ta jiƙe; an yi ruwa ke nan? Ina! Ƙila kurar mai ga-ruwa ce ta kife. Amma in hanya a bushe take, to tabbas ba a yi ruwa ba. Littafin da ya iya raba waɗannan biyun ya cancanci kuɗinsa.

Takardun da ke yawo a WhatsApp ba zan ɓata baki a kansu ba. Kyauta ne, galibi kwafin kwafi, da kurakuransu. Wanda kuma ya ce ka turo kuɗi ya ba ka "ainihin tambayoyin da za su fito", ka riƙe kuɗinka.

Manhajar waya tana da abin da takarda ba ta da shi, wato agogo. Mutum zai iya warware tambaya cikin minti biyar a tsakar gida, ranar jarrabawa kuma a ba shi kamar minti ɗaya, hannu na rawa. Manhaja na saba maka da wannan matsi. Sai dai da yawansu an yi su ne don jarrabawar Indiya ko Ingila, wasu kuma bayanin amsar a kulle yake sai ka biya na wata. Kar ka biya sai ka yi na gwaji ka ga irin bayanin. SHL ma suna da tambayoyin gwaji kyauta a shafinsu, daga nan ya kamata a fara.

Darasi a cibiyar kwamfuta, irin waɗanda ake samu wajen Yelwa da Gwallameji inda ɗalibai suka yi yawa, shi ne mafi tsada, ga kuɗin Keke Napep kullum. Ga wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba, wannan kuɗi bai tafi a banza ba, ko da yake duk wanda ya zana JAMB daga 2015 zuwa yau ya riga ya zauna gaban allon. Abin dubawa shi ne malamin. Roƙi a bar ka ka zauna darasi ɗaya, ka jefa masa tambayar POS ɗin nan. In ya ce "haddace kawai, haka take fitowa", ka san inda dare ya yi maka. Na ga masu koyar da lissafi da kyau waɗanda in an zo wannan ɓangare sai su karanto amsa su wuce.

Akwai kuma hanyar da ba a cika tunawa da ita ba. Ilimin manɗiƙi da wasu malamanmu na zaure ke karantarwa, wanda asalinsa ya faro daga Aristotal ya biyo ta hannun malaman Musulunci, shi ne dai wannan ƙa'ida ta fitar da sakamako daga maganganu biyu da aka gabatar. Ba zai koya maka Turancin jarrabawa ko gudun agogo ba, amma wanda ya zauna gaban irin wannan malami da wuya "wasu" ta kayar da shi.

Ni dai abin da na sa ɗan yayata ya yi, ya koma ya sayi wani littafin mai bayani, bayan ya tsaya ya gwada shi. Yana yin tambayoyi 20 kullum bayan sallar asuba, kuma kowace ya rubuta dalilin da ya sa ya ƙi sauran amsoshin. Sati biyu kafin ranar zai koma manhaja don agogo. Darasin mun ajiye shi, don shi kwamfuta ba baƙuwarsa ba ce. Koren littafin yana nan bai yar ba, da jan biro yake bin sa yana farautar kurakurai, jiya ya ce ya kama na bakwai.