Kafin ki sayi tukunyar lantarki ta dafa naman sa, fara duba wutar unguwarku

Wata ƙawata ce ta turo min hoto daga shago a kasuwar Sabon Gari wai wacce za ta ɗauka, tukunyar nan mai dahuwa a hankali da mutane ke kira Crock-Pot, ko ta fresha mai lantarki, mai dahuwa da sauri da matsin tururi. Na ce mata tsaya tukuna, awa nawa kuke samun wuta a rana?

Ita mai dahuwa a hankali bata cin wuta sosai, yawanci wat 200 zuwa 300 ne, to in kina da sola da inbata mai ɗan ƙarfi zata ɗauke ta ba wahala. Amma fa tana son lokaci, awa 8 in kin saita ta a ƙaramin zafi, awa 4 zuwa 5 in kin ƙure ta. Ta fresha kuma tana jan wajen wat 1000, sai dai kafin awa ɗaya ta cika naman ya yi lugub. Kenan in wutarku irin ta a kawo a ɗauke ce kuma ba sola, gaskiya ki sayi ta fresha, ko ma ta ɗorawa kan gas, ki huta da fargaba.

In kin tsaya kan mai a hankalin to akwai iri biyu, mai maɓallin murɗawa da mai lambobi a fuska. Mai lambobin tafi kyau a ido kuma tana komawa ɗumamawa da kanta in ta gama, amma da yawansu da an ɗauke wuta ko na minti biyu ne sun manta komai, sai an sake saita su. Haka ta faru dani, na zuba ƙafar sa da safe na tafi aiki ina ta murna, na dawo la'asar na tarar da ruwa ya huce nama ɗanye, dole na zubar raina yana ƙuna. Mai murɗawa kuwa wuta na dawowa zata ci gaba abinta. Ni ita nake ba kowa shawara. Duk da haka in wutar ta jima bata dawo ba ki juye a tukunya ki ƙarasa kan gas, kar nama ya zauna cikin ruwan ɗumi.

Girma: lita 3.5 ta ishi mutum uku zuwa huɗu, gidan da ake da yawa ko ana yawan baƙi a nemi lita 6.

Sai maganar ta hannu. Wadda aka kawo daga Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 take amfani da ita, tamu kuma 230 ce, kina jonawa zata ƙone in ba taransifoma, don haka ki juya ƙasanta ki karanta kafin ki biya. Ta Ingila ba matsala. Ki ciro kaskon cikin ki haska shi da fitilar waya ki duba tsagewa, na tangaran ne, kuma ko a gida kar ki zuba masa ruwan sanyi yana da zafi.

Naman kuma, don Allah kar ki ɓata kuɗi kan tsoka zalla, bushewa take ta zama kamar zare. Ki ce wa mai nama ya baki ƙauri, bindi, wuya ko ƙafa, masu jijiyar nan, ita jijiyar ce ke narkewa ta ba romo kauri har ki ji yana ɗan danƙo a leɓe. Ni farfesun bindi nafi yi, in soya naman sama-sama a kasko, in jera albasa a ƙasa, sai citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, attaruhu da ɗan daddawa, ruwa kuma kaɗan don baya ƙonewa kamar a murhu, ya kai rabin naman ya isa. Wanda ya daskare a firiza sai ya saki tukun. Ki daure ki bar murfin a rufe, duk buɗewa zafi ne ke fita. In miyar kuka za ki yi da romon, ki kaɗa kukar a ƙarshe daf da tuwo zai sauka.