Haidirojel, Aljinet ko Filasta: Wanne Ya Dace da Ciwonka?

Kafin ka tambayi mai kemis farashi, ka fara duba ciwon: busasshe ne ko yana tsiyayar ruwa? Wannan tambayar ce take raba kayan rufe rauni, kuma rashin yin ta ne ke sa mutane su kashe kuɗi a kan abu mai kyau wanda bai dace da su ba.

Yawancinmu mun taso da cewa a bar ciwo ya sha iska ya yi ɓawo. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a jikin aladu, ya ga raunin da aka rufe yana da danshi ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari ya bushe. Daga nan aka shiga ƙera kayan da ke daidaita danshin ciwo.

Haidirojel wani abu ne mai kauri da santsi kamar tafasasshen sitaci, kuma mafi yawansa ruwa ne da aka riƙe cikin wasu zaruruwa. Aikinsa shayar da ciwo. Idan gyambo ya bushe, ko mataccen nama ya lulluɓe shi, yakan tausasa naman har jiki ya zubar da shi da kansa, ba tare da an kankare ba. Yana da sanyi, saboda haka yana rage raɗaɗi, kuma ba ya mannewa a ciwo ranar wanki. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana kuka ana ɓamɓare masa bandejin da ya kafe zai san darajar wannan. Akwai na matsawa irin su Intrasite Gel da Purilon, akwai kuma na falle da ake shimfiɗawa. Na matsawa ya fi dacewa da ciwo mai rami, na falle kuma da wanda ke sama-sama. Sai dai ka lissafa kuɗinka da kyau: na matsawa yana buƙatar wani abin rufewa a kansa, ana canza shi duk kwana 1 zuwa 3, kuma wanda aka buɗe ba a ajiye shi don wani mako.

Ciwon da ke zubar da ruwa sosai kuwa, haidirojel ƙara masa damuwa zai yi, fatar gefe ta jiƙe ta yi fari ta sale. Nan wurin aljinet ne, irin Kaltostat, wanda ake yi daga ciyawar teku, yana tsotse ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa. Na soso irin Allevyn shi ma tsotsa yake yi, ga taushi ga mai gyambon kwanciya.

Haidirokoloid, irin DuoDERM, filasta ce mai kauri da ke iya kai mako guda a ƙaramin ciwo mai tsabta. A ganina zafinmu na bazara ba ya barin ta ta daɗe haka, gumi kan ɗaga bakinta. Ba a sa ta a ciwon da ya yi mugunya. Ga ƙaramar ƙuna ko ƙujewa, ƙyalle mai man farafin irin Jelonet ya wadatar, kuma ya fi araha.

Mai ciwon sukari da yatsarsa ta yi baƙi ta bushe, don Allah kada ya matsa mata haidirojel. Idan jini ba ya isa ƙafar, danshi na iya mayar da busasshen wurin ruɓa mai yaɗuwa, har a rasa ƙafa. Wannan aikin likita ne, haka ma ciwo mai wari, kumburi ko zazzaɓi, da ƙuna mai faɗi ko ta fuska.

Idan ka yanke shawara, ka duba ranar lalacewa, ka tabbatar ledar ba ta huje ba, a Najeriya kuma ka nemi lambar NAFDAC. Ka fara sayen kaɗan, domin ciwon da ke buƙatar haidirojel yau, da zarar mataccen naman ya fita, wani abu daban zai nema.