Sharhi a kan asibitin da ke ganin masu raɗaɗin jiki da fargaba a Gombe

A cikin garin Gombe akwai wani asibitin kuɗi da ya ware yammacin rana ɗaya a mako domin masu fama da damuwa da fargaba, inda wani likitan ƙwaƙwalwa yake zuwa ya zauna da su. Na sakaya sunan wurin domin kada a ɗauki wannan rubutu a matsayin talla. Ra'ayina shi ne, mutumin da tafin ƙafarsa ke raɗaɗi, ko tsakiyar kansa ke ɗaukar zafi, ko yatsunsa ke sagewa, alhali kowane gwaji ya nuna lafiyarsa ƙalau, ba zai yi asarar kuɗin mota da na kati ba idan ya je, ko da yake tsarin wurin yana buƙatar gyara.

Goggona na kai daga Kumo, wadda ta daɗe tana cewa ƙafafunta na yi mata kamar an zuba barkono, kuma da dare tana jin wani abu yana yawo a ƙarƙashin fatar kanta. An yi mata maganin taifot da na olsa, ta sha allurai a kemis, har dangi sun fara raɗe-raɗin sammu.

Abin da ya fara burge ni shi ne likitan bai yi gaggawar ɗora laifin a kan damuwa ba. Ya sa ta cire takalmi, ta rufe ido, ya riƙa taɓa yatsun ƙafarta da auduga yana tambayar inda ta ji, sannan ya kaɗa wani ɗan ƙarfe ya ɗora a idon sawunta domin ya gane ko jijiyoyin suna isar da saƙo. Bayan haka ya rubuta gwajin suga, da na bitamin B12 da jijiyoyi ke buƙata, da na aikin ƙululun wuya da ke haddasa maƙoƙo, ya kuma tambayi magungunan da take sha. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai, domin ciwon suga na daga cikin manyan abubuwan da ke lalata jijiyoyin ƙafa, kuma daɗewa a kan maganin suga na metformin yana iya rage B12, haka nan maganin tarin fuka na isoniazid da yawan shan barasa suna kawo irin wannan raɗaɗi. Likitan da ya ce wa mutum damuwa ce ke damunsa ba tare da ya duba waɗannan ba ya cuce shi.

Da sakamakon ya fito babu matsala, sai ya ɗauko takarda mai tambayoyi bakwai a kan makonni biyu da suka wuce, wadda ake kira GAD-7, wata ma'aikaciyar jinya tana mayar mata da wasu tambayoyin cikin Fulatanci. A nan ne maganar faɗuwar gaba da rashin barci tun rasuwar mai gidanta ta fito fili. Ya dube ta ya ce, “Hajiya, zafin nan da kike ji gaskiya ne, ba ƙirƙira kike yi ba, amma jijiyoyinki ba su lalace ba.” Ta ce, “To Likita, me ke ƙona ni?” Maimakon dogon bayani, sai ya sa ta yi numfashi da sauri na ɗan lokaci yana lura da ita, kuma kafin ta tsaya yatsunta da gefen leɓenta sun fara tsikari, irin wanda ta saba ji. Daga nan ya koya mata jan numfashi a hankali ta hanci da sakinsa sannu a hankali, tsikarin ya lafa a gaban idonmu.

Bayanin da ya biyo baya shi ne abin da na fi ganin darajarsa a duk hidimar. Mai fargaba yakan yi numfashi fiye da buƙata ba tare da ya sani ba, sai iskar carbon dioxide da jiki ke fitarwa ta ragu sosai a cikin jini, wannan kuma yana rage sinadarin kalsiyam da jijiyoyi ke amfani da shi, su riƙa aika saƙon tsikari da sagewa. Sinadarin adirenalin kuma yana janye jini daga fata da yatsu zuwa manyan tsokoki, tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure, sannan hankalin mutum ya koma kan jikinsa har ƙaramin motsi ya zame masa babban ciwo. Lamarin ba sabo ba ne a ƙasar nan, domin tun a 1960 likita Raymond Prince ya rubuta a kan ɗaliban Najeriya masu kukan zafi da yawon abu a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne a faɗin duniya ke da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Likitan ya rubuta wa goggona sertraline, wani maganin damuwa da fargaba, ya gaya mata cewa sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Ya ƙi ba ta diazepam duk da ta roƙi maganin barci, saboda jiki yana sabawa da shi. Raɗaɗin bai ɓace gaba ɗaya ba, amma ya ragu, kuma tana barci.

Inda wurin ya gaza kuwa ba ƙarami ba ne. Mai karɓar kati tana ɗaga murya ta ce masu ganin likitan ƙwaƙwalwa su koma benci na gefe, a cikin jama'ar da har yanzu da yawa ke ɗaukar hakan daidai da hauka, kuma na ga wata matashiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi kare mutunci da sirrin majinyaci, don haka wannan ba abin da za a kawar da kai ba ne. Babu kuma mai ba da magani ta hanyar tattaunawa, alhali shi ne ke koya wa mutum sarrafa tunanin da ke tayar da fargabar. Layin yakan kai bayan magariba, abin da ke wahalar da mutanen Dukku da Bajoga da Kaltungo, kuma maganin ya fi tsada a ɗakin maganinsu fiye da cikin gari.

Wanda kuɗin ya yi wa yawa yana iya neman sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Duk inda mutum zai je, ya tafi da tsofaffin takardun gwaji da kwalayen magungunan da ya sha, har da na gargajiya. Idan kuwa sagewar ta zo kwatsam a ɓarin jiki ɗaya, tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, kada a jira ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, a garzaya sashen gaggawa nan take domin alamar shanyewar ɓarin jiki ce.