Maganin rigakafin maleriya na damina: abin da na gani a gidana

A garinmu kusan bayan kowane gida akwai kududdufi, ga fadama daga gabas. Da zarar Agusta ta kama, kowace uwa ta san abin da ke tafe. Shekara uku da suka wuce, ɗana na tsakiya ya yi ta jijjiga da daddare, muka ɗauke shi a mashin zuwa asibitin birni, sai da aka yi masa ƙarin jini, mu kuma sai da muka sayar da akuya. Shi ya sa ranar da wasu 'yan mata biyu suka yi sallama da jakar magani, suka ce rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne na yara kuma kyauta ne, ban yi musu ba.

Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, wata huɗu a jere. A wajenmu daga Yuli zuwa Oktoba. Kowane zagaye kwana uku ne. Ranar farko ƙwaya biyu yaro zai sha a gaban ma'aikatan, ɗaya irin wadda muka sani da Fansidar, ɗaya kuma amodiaquine. Sai su bar wa uwa ƙwaya biyu, ta gobe da ta jibi, su cika kati, su yi alama da alli a jikin katanga. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka a yankunan Sahel, inda cutar ke zuwa tare da ruwan sama.

Ƙwayar tana narkewa a cokali da ɗan ruwa kaɗan. Autata dai ba ta yarda da ita ba, sai na rungume ta a cinya na riƙe hannuwanta, kuma a zagayen farko ta amayar nan take. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta zauna a tabarma ta ce, "Yaya, bari ta huta tukuna, sai mu sake ba ta." Haka ƙa'idar take idan yaro ya yi amai kafin minti 30, amma ba kowace ma'aikaciya ke da wannan haƙurin ba, don gidajen da ke jiransu suna da yawa.

Damina biyu ke nan yarana biyu suna sha, kuma sau ɗaya tak ɗayansu ya yi zazzaɓi. Yayarsu da ta wuce shekara biyar, wadda ba ta cikin shirin, bara sau biyu tana kwanciya, alhali gidan sauro ɗaya suke kwana ciki. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Inda abin ya fi rauni shi ne ƙwayoyin nan biyu da ake bar wa iyaye. Na ga maƙwabciyata ta ƙulle nata a gefen zani, wai sai ranar da yaron ya kamu. Na ce, "Iya, wannan na tsari ne, ba na warkarwa ba." Ba laifinta ba ne, babu wanda ya zauna ya yi mata bayani, kuma duk wanda ya taɓa neman magani cikin dare ya rasa zai fahimce ta.

Sannan yaron da ke da zazzaɓi ba a ba shi, sai a ce a kai shi asibiti a gwada jininsa. Ranar da na kai nawa sha-ka-tafi, ma'aikaci ɗaya na tarar, abin gwajin kuma ya ƙare. A kemis na ƙare, da kuɗina.

Duk da haka, duk uwar da ta tambaye ni ina ce mata ta karɓa, ta kuma cika kwana ukun. Bana ɗana na tsakiya ya fita daga shekarun, saura auta. Katinta yana nan cikin kwalla tare da na allurar rigakafi, muna jiran Yuli.