The Shield: Sharhi a kan shirin da yake sa mai kallo ya goyi bayan ɗan sanda mai kisa

Shirin The Shield ya fara fita a tashar FX ta Amurka ranar 12 ga Maris, 2002, ya kuma kammala ranar 25 ga Nuwamba, 2008, bayan zango 7 da suka ƙunshi kashi 88. A yau ana samunsa a haɗe gaba ɗaya, ko a faifan DVD, ko a zubin Blu-ray da aka sabunta hotonsa aka fitar a 2018, kuma a kan wannan cikakken zubi nake son yin magana, domin shiri ne da ba a gane darajarsa sai an kalle shi daga farko har ƙarshe. Ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu cewa zan ambaci manyan abubuwan da suka faru a labarin, har da yadda ya ƙare, saboda babu yadda za a yi wa shirin nan adalci ba tare da an taɓa ƙarshensa ba.

Shawn Ryan ne ya ƙirƙiri shirin, ya ɗora shi a kan wata ƙagaggiyar unguwa a birnin Los Angeles mai suna Farmington, inda ofishin 'yan sandan yake cikin wani tsohon coci da aka gyara. A cikin ofishin akwai wata runduna ta mutum huɗu da aka ɗora wa yaƙi da 'yan daba da dillalan ƙwaya, wadda Vic Mackey yake jagoranta, tare da Shane Vendrell da Curtis Lemansky, wanda ake kira Lem, da Ronnie Gardocki. Suna rage kashe-kashe a unguwa, wannan gaskiya ne, amma hanyar da suke bi ita ce su zaɓi dila ɗaya su tsaya masa, su murƙushe abokan hamayyarsa, su riƙa karɓar kasonsu.

Kashi na farko shi ne ginshiƙin komai, kuma ban san wani shirin 'yan sanda da ya buɗe da irin wannan ƙarfin hali ba. Wata ƙaramar yarinya ta ɓace, an kama wani likita da ake zargin tana hannunsa, jami'an bincike biyu, Claudette Wyms da Dutch Wagenbach, sun yi iya ƙoƙarinsu ta hanyar doka amma ya ƙi buɗe baki. Sai Kyaftin David Aceveda, wanda shi ne ya fi kowa son ganin bayan Vic, ya neme shi da kansa ya miƙa masa mutumin. Vic ya shiga ɗakin tambayoyi riƙe da jakar takarda, ya zazzage abin da ke ciki a kan tebur, har da ƙaton littafin lambobin waya, wanda da shi ya doki likitan. Aka samu yarinyar da ranta. Mai kallo yana sauke ajiyar zuciya, yana jin cewa wannan shi ne ɗan sandan da ake bukata. Mintuna kaɗan bayan haka, a wani samame da suka kai gidan wani dila, Vic ya ɗauki bindigar dilan da aka riga aka harbe, ya juya ya harbi abokin aikinsa Terry Crowley a fuska, saboda ya gano cewa an saka shi cikin rundunar ne domin ya tattara hujjoji a kansu. Shane yana tsaye yana kallo.

Abin da ya sa nake ganin shirin ya cancanci lokacin mutum shi ne abin da marubutan suka yi bayan wannan harbi. Ba su ɓoye wa mai kallo komai ba, sun nuna masa mai kisan kai tun daren farko, sannan suka shafe zango 7 suna jarraba ko zai manta. Kuma yawancin masu kallo suna mantawa. Vic yana da 'ya'ya uku, biyu daga cikinsu suna fama da lalurar galahanga, kuɗin makarantarsu da na kula da su yana da yawa. Yana tausaya wa mata masu zaman kansu da ke kawo masa bayanai, yana shiga gaba a duk samame, ba ya jin tsoron kowa. Kafin a kai tsakiyar zango na biyu, mutum zai tsinci kansa yana fatan kada asirinsa ya tonu, yana jin haushin duk mai bincikensa. Duk lokacin da na tattauna shirin da waɗanda suka kalle shi, a nan gardama take tsayawa: wasu suna cewa ai mugaye kawai yake cutarwa, sai an tuna musu cewa Terry Crowley ba mugu ba ne, ɗan sanda ne da yake aikin da doka ta sa shi.

Michael Chiklis, wanda ya fito a matsayin Vic, shi ne ya sa wannan dabara ta yi aiki. Ya ci lambar yabo ta Emmy a 2002 saboda rawar da ya taka, shirin kuma ya ci Golden Globe a 2003. Gwanintarsa ba a tsawa da duka take ba, tana cikin yadda yake shirya ƙarya nan take yana kallon mutum ido cikin ido, har ya kai ga shi kansa ya yarda da ita.

Labarin ba daga sama ya faɗo ba. Tushensa badaƙalar ofishin 'yan sanda na yankin Rampart ce, wadda ta girgiza rundunar 'yan sandan Los Angeles a ƙarshen shekarun 1990. A 1998 aka kama Rafael Pérez, wani jami'in sashen yaƙi da 'yan daba da ake kira CRASH, bisa satar hodar iblis daga ma'ajiyar kayan shaida. Domin a sassauta masa hukunci, ya yarda ya tona asirin abokan aikinsa, ya ambaci jami'ai kusan 70 da laifuffukan da suka haɗa da duka, da dasa wa mutane makami ko ƙwaya, da shaidar zur a kotu. An soke hukunce-hukunce sama da 100, birnin kuma ya biya diyyar da ta kai kimanin dala miliyan 125. Daga cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani saurayi da aka harba a 1996 har ya nakasa, aka ajiye bindiga kusa da shi, kotu ta ɗaure shi shekara 23, sai a 1999 aka sake shi, daga baya aka biya shi dala miliyan 15. An rushe sashen CRASH a shekarar 2000, rundunar kuma ta shiga ƙarƙashin sa idon gwamnatin tarayya na tsawon shekaru. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ce marubutan sun yi zuƙi-ta-malle ba, domin da yawa daga abin da ake gani a allo ya taɓa faruwa a titunan birnin.

Inda shirin ya fi burge ni shi ne yadda ya ƙi ɗora laifin a kan mutum huɗu kawai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Aceveda yana son ya kama Vic ne saboda hakan zai taimaki burinsa na siyasa, kuma da zarar ya ga cewa raguwar laifuffuka ta fi yi masa amfani a zaɓe, sai ya shirya da shi, ya hau kujerar kansila, daga baya ya fara neman kujerar magajin gari. Mataimakin shugaban 'yan sanda Ben Gilroy, ubangidan Vic, ya janye jami'ai daga wata unguwa da gangan domin laifi ya yawaita, farashin gidaje ya faɗi, shi kuma ya saye su da arha. Claudette, wadda CCH Pounder ta fito a matsayinta, ita ce mai gaskiyar gidan, kuma shirin ya nuna abin da gaskiyar ta jawo mata: da ta dage sai an sake duba shari'o'in da wata lauya mai shaye-shaye da gwamnati ta ɗauka domin kare waɗanda ake tuhuma ta yi sakaci da su, ofishin mai gabatar da ƙara ya yi fushi, aka hana ta kujerar kyaftin da aka riga aka yi mata alkawari. Ita ce kuma tun a kashi na farko ta bayyana wa Aceveda cewa jama'a ba su damu da yadda aka samu tsaro ba, muddin za su isa motarsu ba a tare su ba. Wannan magana ce mai nauyi, kuma mai kallo ne ya kamata ya fara jin ta a jikinsa.

Zango na huɗu ya kawo Glenn Close a matsayin Kyaftin Monica Rawling, wadda ta zo da tsarin ƙwace gidaje da motocin da aka saya da kuɗin ƙwaya. Zangon yana da kyau, ya kuma tayar da tambaya mai muhimmanci game da iyalan da ake fitarwa daga gida saboda laifin ɗansu, sai dai ya ɗan kauce daga babban labarin. Zango na biyar ne ƙololuwar shirin a wurina. Forest Whitaker ya shigo a matsayin Jon Kavanaugh, jami'in sashen binciken 'yan sanda na cikin gida, mutum mai gaskiya da ya zo da niyyar hukunta wanda ya kashe Terry. Ya kama Lem da wani ƙunshin ƙwaya, ya matsa masa domin ya ba da shaida a kan sauran. Lem shi ne mai tausayin cikinsu, shi ne ya ƙone mafi yawan kuɗin da rundunar ta sace daga hannun gungun 'yan Armeniya saboda ya ga kuɗin za su hallaka su, kuma bai taɓa niyyar cin amanar kowa ba. Amma Shane ya yarda da jita-jitar cewa zai yi magana. Ya same shi da dare a wurin da yake ɓuya, ya kawo masa abinci, ya jefa gurneti cikin motar da yake zaune ya juya baya. Walton Goggins, wanda ya fito a matsayin Shane, ya yi wasan da ba a mantawa a wannan wuri, yana kuka yana neman gafarar mutumin da ya gama kashewa. Daga baya, da Vic ya tuhume shi, amsarsa ita ce abin da ya gani a daren Terry shi ya maimaita. Shi kuwa Kavanaugh, bin sawun Vic ya lalata shi har ya kai ga ƙirƙirar shaidar ƙarya, ya ƙare a tsare.

A zango na ƙarshe ne aka gabatar da lissafin duka. Vic ya samu yarjejeniyar kariya daga tuhuma a hannun hukumar shige da fice da kwastan ta tarayya, bisa sharaɗin ya faɗi duk laifin da ya taɓa aikatawa a gaban na'urar ɗaukar murya. Kyamara ta tsaya a kan fuskarsa na tsawon lokaci yana shiru, sannan ya fara da sunan Terry Crowley, ya yi ta jerowa, jami'ar da ta nema masa yarjejeniyar tana sauraro jikinta yana yin sanyi. Mai kallo ma a nan yake jin jerin abubuwan da ya daɗe yana yi wa uzuri. Da wannan ikirari ya sayar da Ronnie, wanda ya bi shi da amana har ƙarshe, aka kama shi a tsakiyar ofis yana ihu. Shane ya kashe matarsa da ɗansa, ya kashe kansa. Matar Vic, Corrine, ta ɗauki 'ya'yanta ta shiga shirin ɓoye shaidu inda ba zai sake ganinsu ba. Shi kuwa bai shiga kurkuku ba, an ajiye shi a tebur sanye da kwat, zai yi shekara 3 yana rubuta rahoto. Akwai masu ganin hukuncin ya yi masa sauƙi, ni ina ganin ya dace da labarin, domin tsarin da ya amfana da shi shekara da shekaru ba zai iya ɗaure shi ba tare da ya tona kansa ba.

Shirin yana da nasa rauni, kuma ya kamata mai saye ya sani. Zango na uku, mai kashi 15, ya yi tsawo fiye da labarin da yake ɗauke da shi. Yadda Vic yake kuɓuta daga tarko a minti na ƙarshe yana maimaituwa har ya fara zama abin da ake tsammani. Wasu 'yan wasan, kamar ɗan sandan sintiri Julien Lowe, an fara labarinsu da ƙarfi sannan aka yi watsi da shi. Rikicin gungun Armeniya da na Meziko a zango na shida da na bakwai yana da sarƙaƙiya sosai, wanda ya ɗauke hankali na ɗan lokaci zai rasa waye yake cin amanar wa. Haka kuma, mafi yawan baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka da ke zaune a unguwar ana ganinsu ne a matsayin masu laifi ko waɗanda aka zalunta, ba a cika shiga gidajensu a ji yadda rayuwa ƙarƙashin irin wannan runduna take ba, alhali su ne suka fi ɗanɗana kuɗa a badaƙalar ta gaskiya.

Ta fuskar hoto, an ɗauki shirin da fim mai faɗin milimita 16 da kyamarar hannu mai rawa, da gangan, domin ya yi kama da rahoton gani da ido. Zubin 2018 ya faɗaɗa hoton ya cika allon talabijin na zamani, launuka sun fi fitowa, amma ƙurar hoton tana nan, don haka wanda ya saba da santsin shirye-shiryen yau kada ya ɗauka faifansa ne ya lalace. Maganar tana da sauri, cike da salon 'yan titi da Sifaniyanci jefi-jefi, saboda haka kunna rubutun ƙasan allo yana taimakawa ƙwarai.

Ba shiri ba ne da za a kunna a gaban yara ko a taron iyali. Akwai azabtarwa a fili, kamar inda Vic ya danna fuskar wani shugaban daba a kan murhu mai zafi, akwai fyaɗe, akwai zagi da tsiraici. Baligin da zai iya jure wannan ya kalle shi a jere ba tare da tsallake kashi ko ɗaya ba, ya kuma haɗa zango na biyar da na shida da na bakwai ba tare da dogon hutu a tsakani ba, domin labari ɗaya ne ya ratsa su tun daga ranar da aka kama Lem.